Ɗan Ƙarfen da Ya Tsinta a Yanbu

A Harra ta Gabas, wata unguwa a Madina, aka haife ni, a gidan da kakana ya gina da baƙin dutsen unguwar bayan ya sauke farali ya ƙi komawa Damagaram. A gidan aka ɗaura mini aure, a nan kuma na ci gaba da zama, don mijina ba shi da gida a Madina. Bahaushen Sudan ne, daga wajen Gadarif, ya shigo da iƙama, wato takardar izinin zama, yana aikin yankan ƙarfe da wutar gas. Umma ta ba mu ɗakunan sama, ita tana ƙasa tare da Yayana da iyalinsa. Lokacin da abin nan ya same mu, wajen ƙarshen shekarun casa'in, muna da 'ya'ya mata biyu, babbar ta shiga firamare.

A Yanbu yake aiki, garin masana'antu da ke bakin teku. Sharikar da ta ɗauke shi ba gini take yi ba, rushewa take. Idan wata masana'anta ta gaji da wani sashe nata, sai a kira su, su yanka tankuna da bututu gunduwa-gunduwa, a loda a manyan motoci. Ranar Laraba da yamma yake dawowa, ya koma Juma'a bayan la'asar. Yakan shigo da warin ƙonannen ƙarfe a jikinsa da kifi a cikin ƙanƙara, yara su rufe shi da Larabci, shi yana amsa musu da Hausarsa ta Sudan da ke ba su dariya.

Wata Alhamis muna karyawa da ful da tamis, wato wake da gurasar can, ya ba ni labarin sabon aikin da aka ba su. Wani kamfani ne da ke duba waldar bututu zai rufe. Ya ce yadda asibiti ke ɗaukar hoton ƙashi, haka su ma suke ɗaukar hoton ƙarfe, da wasu ƙananan abubuwa na nukiliya masu fitar da zafin da ido ba ya gani. Larabawa na ce wa zafin ish'a. Suna da ɗakin ajiya mai kaurin bango, ƙofarsa cike da dalma, shi za a rushe.

Na ajiye kofin shayina na ce, "To, ba haɗari?"

Ya ce, "Masu abin sun riga mu shiga, uwar yara. Sun zo da na'urorinsu, sun kwashe komai a tukwanen dalma, sun auna ɗakin, sun ce fes yake. Mu ƙarfe kawai aka bar mana."

Ban sake tambaya ba. Mutumin da ya hau tankunan mai ya yanka, ɗakin da babu komai a ciki bai zama mini abin tunani ba.

Larabar da ta biyo baya ya dawo ba shi da daɗi. Ya ce tun jiya yake amai, ya ɗora laifin a kan shinkafar da suka ci a sansanin ma'aikata. Hannunsa na dama ya yi ja, kamar wanda ya tsoma shi a ruwan zafi, yana masa ƙaiƙayi. Umma ta dafa masa na'ana, ya sha, ya kwana, aman ya tsaya, jan ma ya baje. Ya koma aikinsa.

Sai bayan mako biyu ko fiye hannun ya tashi. Ya shigo ya naɗe shi da ƙyalle, da na kwance na ga yatsu uku sun kumbura sun yi ƙulli-ƙulli na ruwa, tafin ya yi baƙi-baƙi. Da zai canja kaya na ga wani tabo a cinyarsa ta dama, zagayayye, faɗin bakin kofi. Yayana ya kai shi wani ƙaramin asibiti a unguwar Al-Azizya. Likitan ya duba ya ce ƙunar wuta ce, tunda aikinsa ke nan, ya rubuta man shafawa.

Da suka dawo mijina ya zauna a bakin gado yana kallon hannun. Ya ce, "Na san ƙunar wuta. Shekaruna nawa ina ƙonewa? Wuta a take take cinka, ka san inda ta taɓa ka. Wannan daga ciki yake fitowa."

Muka shafa man. Umma ta kawo man habbatus sauda, ta kawo zuma, ta yi masa tofi a ruwan zamzam. Kullum ciwon gaba yake yi. Mutum ne mai cijewa, amma na fara ganinsa yana cusa gefen matashi a baki. Bai iya komawa Yanbu ba a wannan makon. Yayana ya kira sansanin ta waya ya faɗa musu.

Ranar Lahadi bayan azahar aka ƙwanƙwasa ƙofa. Lungunmu mota ba ta shiga, don haka a ƙafa suka zo, unguwa na kallonsu: muraƙib ɗinsu, wato mai kula da su a wurin aiki, da wani injiniya ɗan Sham mai furfura, da samari biyu riƙe da wasu akwatuna masu launin rawaya. Yayana ya shigar da su majalisi, ni na tsaya bayan labule.

Injiniyan bai tsaya doguwar gaisuwa ba. Ya ce wa mijina, "Nuna mini hannun." Ya duba shi da kyau. Can ya ce, "A cikin ɗakin nan, ka tsinci wani abu?"

Mijina ya yi tunani. Ya ce e, ya tuna. A ƙasan ɗakin akwai wani rami da farantin ƙarfe a kansa, an zuba siminti a gefensa har ba a gane shi. Da ya yanke farantin ya tarar da wani tsohon akwati mai nauyi duk tsatsa. Yana ɗagawa gindin ya zube, wani ɗan ƙarfe ya faɗo, bai kai ɗan yatsa ba, da guntuwar waya a jikinsa, yana ƙyalli. Ya cire safar hannu ya ɗauka ya jujjuya shi. Ya ga ba irin tarkacen da ake zubarwa ba ne, ya ce bari ya nuna wa muraƙib. Muraƙib ya fita cikin gari. Sai ya jefa shi a aljihun wando ya ci gaba da aiki har aka tashi. Da yamma ya ajiye shi a kan kanta a kwantenar kayan aiki, washegari amai ya sa ya manta.

Injiniyan ya tambaya, "Ka zo da shi gida? Ko sau ɗaya?"

"A'a, wallahi. Yana can."

"Yana can. Mun same shi."

Ya bayyana mana a hankali. Ƙa'idar aikin ita ce, bayan an gama rushewa sai a sake auna filin gaba ɗaya kafin a miƙa shi. Da suka zo awon ƙarshe, filin ɗakin lafiya lau, amma suna doso kwantenar sai na'ura ta fara kuka. Tsohon akwatin nan tun zamanin wasu ma'aikata da suka daɗe da barin ƙasar yake, babu wanda ya san da shi. Kaurin farantin da dalmar akwatin sun ɓoye shi a awon farko.

Ya nemi izinin auna gidan. Na ɗauki yara muka koma ɗakin Umma. Muna jin takunsu a sama, da ɗan ƙarar na'urar, kat, kat, jefi-jefi. Suka bi gado da katifa da kwandon wanki, suka bi takalmansa, suka sauko suka bi kicin, har tulun Umma. Sannan ɗaya daga cikin samarin ya tsaya a bakin ƙofa, idonsa a ƙasa, ya ce mu miƙo hannuwa. Ƙaramar 'yata ta ɗauka wasa ne, tana dariya. Babbar ta dube ni ta ce da Larabci, "Mama, me muka yi?"

Ba su sami komai ba. Injiniyan ya ɗaga murya yadda zan ji daga bayan labule. Ya ce, "Ya ukhti, ki kwantar da hankalinki. Abin a rufe yake, bai fashe ba. Ya ƙona shi kamar yadda rana ke ƙona mutum, amma bai bar komai a jikinsa ba. Ba ya yaɗuwa. Ku ci tare, ku zauna tare."

Na ce, "To hannun fa? Zai warke?"

Sai kawai ya ce a haɗa wa mijina kaya, yau za a wuce da shi Jidda, akwai likitocin da suka san irin wannan.

Maganar da injiniyan ya faɗa a cikin gida ta tsaya a cikin gida. Abin da unguwa ta gani shi ne baƙi da akwatunan rawaya. Kafin magariba labari ya zagaya cewa mijina ya kwaso gubar nukiliya daga Yanbu. Maƙwabciyarmu da muke musayar kwanon abinci tun ina yarinya ta daina aikowa. Kwanonmu da ke wurinta ta sa aka ajiye a bakin ƙofa, ba a ƙwanƙwasa ba. Matar Yayana ta kwashe 'ya'yanta ta tafi gidan iyayenta, wai ziyara. A makaranta aka matsar da kujerar 'yata can gefe. Na je na sami shugabar, ta karɓe ni da mutunci, ta ce ita ta yarda da ni, amma iyaye ne ke kira. Na ce mata an auna mu, an ce ba komai. Ta ce, "Ma'alesh, ki yi haƙuri, ki ba su lokaci."

Ban iya yin fushi da kowa ba. Ni kaina, ranar da suka tafi da shi, na tsaya a gaban wandon aikinsa da ke rataye, wanda na ga an auna da idona, na kasa taɓawa. Umma ce ta zo ta fizge shi ta jefa a ruwan wanki. Ta ce, "Mijinki ne. Idan ke kika gudu, wa zai tsaya?"

Zuwa Jidda ba a hannuna yake ba. Mace ba ta tuƙi, ba ta kuma kama hanya mai nisa haka ita kaɗai. Sai Yayana ya sami wanda zai tsare masa shagonsa na kayan ƙamshi a Al-Azizya sannan mu tafi. Idan bai samu ba, in zauna in jira ƙarar wayar shagon, wani yaro ya kawo saƙo cewa mijina yana gaishe mu, da sauƙi. Kullum da sauƙi. Daga baya Gwaggona da ke zaune a Jidda ta ce in zo in zauna wurinta, na bar yara wurin Umma.

Ɗakinsa shi kaɗai ne, sai an sa riga da takunkumi ake shiga. Da farko na ɗauka mu ake karewa daga gare shi. Wata ma'aikaciyar jinya ta ce a'a, shi ake karewa daga gare mu, jininsa ya yi ƙasa, ƙaramar mura za ta iya kayar da shi. Gashin cinyarsa ya zube. Ya rame har zoben azurfarsa na hannun hagu yana zamewa.

Likitar da ke kula da shi 'yar Masar ce, mace mai magana kai tsaye. Na tare ta a baranda na ce, "Duktura, ki faɗa mini gaskiya. Wane magani ake ba shi?"

Ta ce, "Muna ba shi na rage zafi, muna hana ƙwayoyin cuta shiga, muna wanke ciwon. Jinin zai dawo, in sha Allah, wannan ban damu da shi sosai ba. Hannun kuwa, abin da ya faru ya riga ya faru tun ranar da ya riƙe shi. Ƙananan jijiyoyin jini ne suka mutu a ciki. Mu jira muke mu ga iyakar inda ɓarnar ta tsaya."

"Ba abin da za a yi a tsayar da ita?"

"Babu. Da akwai da na yi."

Haka muka zauna muna kallo. Fata ta saluɓe, sabuwa ta fito ja-ja-wur, muka yi murna, na kira Umma na faɗa mata. Sai ta sake buɗewa. Suka yanko fata daga ɗaya cinyar suka liƙa, ta kama, ta yi kamar ta zauna, sannan gefenta ya fara baƙi. Kowace safiya idan za a canja bandeji sai su ce in fita. Ina tsaye a baranda ina jin muryarsa ta cikin ƙofa, yana kiran sunan Allah da wata irin murya da ban san yana da ita ba. Masu shara na wucewa da bokitinsu. Ni ba abin da ke hannuna sai fulas ɗin kunun gyaɗa da na dama masa, wanda sau da yawa haka nake komawa da shi.

A ɗakin da ke kusa an kwantar da abokin aikinsa, wani Bahaushen Chadi ɗan wajen Abeshe. Shi ne mai kula da kwantenar, a cikinta yake hutun rana saboda inuwa, kansa kusa da kantar nan. Bai ƙone ba, amma jininsa ya faɗi fiye da na mijina. Ba shi da kowa a ƙasar. Na riƙa dama kunu da yawa ina raba musu. Yakan ce, "Allah ya saka, matar ɗan'uwana," ya riƙe kofin da hannu bibbiyu. Yana da mata da ɗa a gida, ya ce kada a sanar da su. Da jininsa ya ɗan hau aka sallame shi. Aikin Yanbu ya ƙare, kafilinsa, wanda ya ɗauki nauyin zamansa a ƙasar, bai sabunta masa iƙama ba. Duktura ta ce dole a riƙa duba jininsa shekara da shekaru, ta gaya wa duk wanda ya kamata ta gaya wa. Yayana ma ya je ofishin sharikar ya yi magana, aka ce masa ana dubawa. Ana cikin dubawar aka sa shi a jirgi. Ya zo sallama da 'yar jakarsa, ya tsaya daga bakin ƙofa ya ce wa mijina, "Ka yafe mini, ni na ga abin a kan kanta, ban tambaya ba." Mijina ya ce, "Ni na ajiye shi a kanka, kai za ka yafe mini." Ba mu sake jin labarinsa ba. Mun tambayi alhazan Chadi a lokutan Hajji da yawa, babu wanda ya san shi.

Injiniyan nan ɗan Sham ya zo dubiya sau biyu ko uku, ba don an aiko shi ba. Ranar da ya fi daɗewa ina nan. Mijina ya ce ya ba shi labarin yadda aka yi da abin, yana son ya sani.

Ya ce sun kewaye wurin da shinge, sun kori kowa nesa. Sun gwada aikin tukuna a wani fili da ɗan ƙarfen banza, sun maimaita har hannunsu ya saba. Ranar ɗaukar, kowane mutum ɗan lokaci kaɗan aka ba shi, ya shiga da gudu ya yi nasa ya fito, wani ya karɓa. Ɗaya ya buɗe ƙofar kwantenar, ɗaya ya tura tukunyar dalma a kan amalanke, na ƙarshe ya miƙa wani dogon awartaki daga nesa ya ɗauko shi ya saka, aka rufe. Daga nan aka kai shi ma'ajiyar gwamnati can cikin hamada. Suka koma filin ɗakin suka fasa simintin ƙasa gaba ɗaya, ko akwai wani ramin, suka auna taku bayan taku. Babu. An miƙa filin.

Mijina ya saurara har ƙarshe. Ya ce, "Mutum nawa kuka taru a kansa?"

"Mun fi goma."

"Ni kuma na sa shi a aljihu." Ya yi 'yar dariya. Sannan ya ce, "Yaushe abin zai mutu?"

Injiniyan ya ce, "Ƙarfinsa na raguwa a hankali. Irin wannan, jikokinmu ma za su tarar ana gadinsa." Ya shafa furfurarsa. "Ni na sa hannu a awon farko. Na auna ɗakin yadda aka koya mini. Da na sa an fasa ƙasan tun farko..."

Na so in ji haushinsa. Na daɗe ina neman wanda zan ɗora wa, ga shi ya kawo kansa. Amma dattijo ne zaune a kan kujerar roba, takunkumi ya rufe rabin fuskarsa, idanunsa sun yi ja. Waɗanda suka binne akwatin suka zuba siminti sun tafi ƙasashensu tun ina makaranta, ban san sunansu ba, ban san ko suna raye ba. Mijina ya miƙa masa hannun hagu suka yi musabaha.

Bayan Ramadan duktura ta kira mu tare. Ta ce babban yatsa da manuni da na tsakiya ba za su dawo ba, kuma su ne ke hana shi barci da zafi. Idan aka bar su, ruɓar za ta hau. Mijina ya dubi hannun ya daɗe. Ya ce, "Da waɗannan nake riƙe wutar yanka." Ta ce ta sani. Ya juyo ya ce, "Uwar yara, me kika gani?" Tun da muka yi aure bai taɓa tambayata shawara a gaban baƙo ba. Ya ce wa likitar, "Ku cire."

Da aka sallame shi muka dawo Madina, unguwa ta riga ta gaji da tsoronmu. Matar Yayana ta dawo da 'ya'yanta. Maƙwabciyarmu ta aiko da waina, ba ta ce komai ba, ni ma ban ce ba. Maza suka zo gaisuwa, wasu suka miƙa hannu, wasu suka dafa ƙirji daga nesa.

Abin da ya fi damunsa a farko shi ne cin abinci. Yatsu biyun da suka rage ba sa lanƙwasawa sosai, ba sa riƙe loma. Ya ƙi ci da hagu. Sai ya sa in ɗaura masa cokali a hannun da ƙyalle, shinkafa na zubewa a rigarsa, yara na sunkuyar da kai. Ya daina sauka cin abinci da Yayana. Umma ce ta hau sama wata rana, da ciwon gwiwarta, ta zauna a gabansa ta ce, "Ɗana, Allah da ya karɓi yatsun ya san da wane hannu ya bar ka. Ka je ka tambayi malamai in ba ka yarda da ni ba." Ya je Harami bayan sallar asuba ya tambaya, aka gaya masa abin da Umma ta gaya masa. Ya fara ci da hagu, amma a gida kawai. Idan an gayyace shi walima sai ya ce yana azumi, ko ya ƙoshi.

Sharikar ta sallame shi da abin da ta ga dama, daga baya ma ta rufe. Iƙamarsa ta zama abin fargaba, don ni 'yar ƙasa ce, shi ba ɗan ƙasa ba ne, zamansa a hannun kafili yake. Yayana ya yi ta zirga-zirga ofis-ofis har ya zama shi ne kafilin mijina. Mijina ya koma zama a shagon Al-Azizya, yana auna citta da kanumfari da hannun hagu, yana ƙulla leda da haƙori. Ya iya, har ya fi Yayana sanin kwastomomi. Amma idan masu walda na aiki a kan titin, sai ya fita ya tsaya yana kallonsu har su gama.

Duk shekara muna zuwa Jidda a ɗebi jininsa. Su ce lafiya lau, mu dawo baɗi. Na taɓa tambayar duktura yaushe za mu daina zuwa. Ta ce ba za ta iya sa mini rana ba, mai yiwuwa babu abin da zai sake tasowa har ƙarshen ransa, mai yiwuwa kuma ya taso. Na ce to me zan riƙa lura da shi? Ta lissafa mini: yawan gajiya, zazzaɓin da ba dalili, jini a dasashi. Tun daga ranar na zama mai gadin fuskarsa. Idan ya yi hamma sau biyu sai in zuba masa ido. Yakan kama ni ina kallonsa ya ce, "Ke, barci kawai nake ji."

Mun ƙara haihuwa bayan nan, namiji. Watannin cikin duk a tsorace na yi su, duk da likitoci sun ce ba komai. Da aka miƙo mini shi sai da na ƙirga yatsunsa, hannu da ƙafa, sannan na yarda na dubi fuskarsa.

Tabon cinyar shi ne bai taɓa zama lafiya ba. Fatar wurin siririya ce kamar takardar sigari, fara, ba ta gumi. Yaron na koyon tafiya lokacin da wurin ya sake buɗewa. Gefen buhun shinkafa ne kawai ya goge shi a shago. Muka wanke, muka ɗaure, muka jira, bai rufe ba. Yayana ya nemo mai tsare shago, ya kawo mota bakin titi, muka fito ta lungu, mijina na ɗingishi yana dafe da kafaɗarsa. Umma ta rako mu har ƙofa da yaron a hannu. Na shiga baya na zauna da fulas a cinyata. Muka tsaya a miƙati, don mijina ya ce tunda hanya ta biyo, in an sallame shi da wuri zai so ya yi umra, bari ko raka'a biyu ya yi a nan. Yayana ya taimaka masa ya yi alwala. Na zauna a mota ina jiransu, rana na dukan gilashi, har suka fito muka ɗauki hanyar Jidda.